Hannun da Bai Kai Kunne Ba

A jami'ar babban birni, can hayin kogi, akwai wani dogon zaure da aka jera hotunan manyan mutanen da suka yi karatu a wurin. Ministoci, alƙalai, likitoci, har da wata mata da aka ce ita ce mace ta farko da ta yi wani abu, ban riƙe ko mene ne ba. A layin sama, kusa da taga, akwai hoton wani tsoho mai furfura da tabarau, ya ɗan karkata kai, kunnensa na hagu ya fito ɓaro-ɓaro kamar marfin tukunya. Wannan gurbin nawa ne. Mutumin da ke cikinsa aro ya yi, kuma har yau bai maido ba.

Taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, uwarsa ƙanwar ubana ce. A wasanmu na gado ni ne ubangida shi ne bawa, kuma ban taɓa ƴanta shi ba ko da ya zama farfesa. Ni kuwa tela ne a kasuwar Dogon Dutsi. Ina da sartifika ta ƙaramar lakwal, wato makarantar boko ta firamare, ina karanta Faransanci in an rubuta shi da manyan baƙaƙe, in an matsa mini kuma ina iya yin faɗa da shi.

Ƙauyenmu yana bayan Matankari. Uban taubashina ya rasu yana goye, uwarsa ta dawo da shi gida, muka tashi a ɗakin kakarmu, tabarma guda, ƙwarya guda. Damina ɗaya ce tsakaninmu, kuma ni ne babba. Amma a wurin kaka ba ɗaya muke ba. Sunan mijinta aka raɗa mini, saboda haka bakinta bai taɓa furta sunana ba, Maigida take ce mini. In ta dama fura ni ke shan ta ƙasa mai kauri, shi ya sha ruwan sama. A lokacin ban ga aibin wannan tsari ba. Yanzu ma ba furar nake ƙorafi a kanta ba.

A zamanin nan ba kai yaro lakwal ake yi ba, kama shi ake yi. Da gero ya fara nuna sai mushe, wato malamin lakwal, ya zo tare da dogarin sarki, a tara yaran gari a gindin gawo. Ba mai takardar haihuwa. In an tambayi uwa shekarun ɗanta sai ta ce ai shekarar da rijiya ta rufta aka haife shi. Don haka mushe yana da nasa ma'auni. Yaro zai ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kai, ya taɓo kunnen hagu. Wanda yatsunsa suka kai kunne ya isa lakwal. Wanda bai kai ba a bar shi ya ƙara girma. Gidan da ke da wanda ya isa dole ya ba da ɗa guda. Lakwal ɗin kuwa a Matankari take, wanda aka kama can zai zauna a gidan wasu, kuma a ganin mutanenmu an yi asararsa ke nan, ba gona ba gida.

Da labari ya zo cewa mushe yana tafe, kaka ta ja ni bayan rumbu ta fara koya mini aiki.

Ta ce, "Maigida, in sun ce ka ɗora hannu, ka ƙage kahwaɗa. Ka tura kai sama kamar zakara za shi cara. Kada yatsa ya wuce nan." Ta dangwala mini wani wuri sama da kunne.

Na yi, ta gyara, na sake, har na iya. Taubashina yana tsaye yana kallonmu da majina a hanci.

Ya ce, "Kaka, ni hwa?"

Ta ce, "Kai tahi ka ba akuya ruwa."

Ranar da aka tara mu, ni aka fara kira a gidanmu. Na ƙage kafaɗa, na tura kai sama, yatsuna suka tsaya daidai inda kaka ta dangwala. Mushe ya dubi tsawona, ya yi shakka, ya kama gwiwar hannuna ya ɗan tura. Na sandare kamar iccen kirya. Ya sake ni, dogari ya ce, "Wanga bai kai ba." Aka kira bawana. Shi da ba wanda ya koya wa komai sai ya ɗauka gasa ake yi. Ya miƙe, ya ciji leɓe, ya lanƙwasa wuya, ya kamo kunnen nan da yatsu biyu har yana jan sa, ya waiwayo yana murmushi don a yaba masa. Murmushin bai daɗe ba. Da dogari ya riƙe masa wuyan hannu sai ya kwanta a ƙasa yana birgima, ya gantsara wa dogari cizo a ƙauri. A kan jaki aka ɗora shi, ana riƙe da ƙafafunsa. Kaka ta kai ni ɗaki ta ba ni zuma a bakin ludayi. Ina lasa ina jin kukansa yana nisa. Na ci abinci iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa cin abin da ya tsaya mini da tsada kamar zumar nan ba.

Bayan wasu shekaru aka kafa lakwal ta zana a ƙauyenmu. Kaka ta riga ta rasu, ba mai ɓoye ni, aka kwashe mu gaba ɗaya. Na shiga aji ƙato a cikin ƙanana, gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Kuma ina da kai. Wannan ba yabon kai ba ne, akwai shaidu, sai dai duk sun mutu. Na ci sartifika. Da aka zo maganar shiga kwaleji, darakta ya kama haɓata ya juya ta wajen haske, ya ga ƴan gashi sun fara tsirowa, ya ce shekaruna sun wuce. An auna ni da kunne an ce ban kai ba, an auna ni da haɓa an ce na wuce. Ranar da na yi daidai ban san ta ba, ina jin ta zo ta same ni a gona.

Aka kai ni Dogon Dutsi koyon ɗinki. Shi kuwa ya yi kwaleji, ya yi lise, wato babbar sakandare, ya faɗa jami'a lokacin tana jaririya.

Tarihin jami'ar nan na san shi ba kaɗan ba, don a gaban keken ɗinkina aka ba ni shi, hutu bayan hutu, ba tare da na roƙa ba. Na san lokacin da gine-ginenta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rairayi ko'ina, jakunan masu lambu suna ratsawa ta bayan aji. Na san lokacin da ɗalibai duk sun san juna, malamai kuma mafi yawa baƙi ne daga ƙetare. Na san shekarun yajin karatu, sa'ad da yakan dawo ya zauna mana yana cin tuwonmu yana bayyana mana yadda za a gyara duniya, da wando mai faɗin ƙafa da suma kamar kwando. Daga baya ya tafi ƙasar waje ya dawo yana koyarwa a nan inda ya yi karatu, har ɗalibai suka yi yawan da wasu a bakin taga suke sauraren darasi. Fanninsa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mutumin da muna yara in an aike shi rijiya sai ya rufe ido kafin ya zura guga, shi ne yau ake kira a rediyo ya faɗi inda ruwa yake. A fadamarmu kuwa, ko akuya ta tona da ƙafa sai ta ga laima.

Abu guda ya riƙe ni a duk shekarun nan. Ranar da ya fara kawo mini riga in rage masa, na auna hannunsa daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, da ya fita na auna nawa. Nawa ya fi nasa da yatsa biyu. Tun daga ranar ni ke yi masa ɗinki, duk salla sai na sake aunawa, kuma hukunci bai canza ba.

Da jami'ar ta yi bikin tsufanta, aka ce za a girmama waɗanda suka fito daga cikinta suka yi suna, sai ya aiko in zo. Ni na ɗinka masa farar shaddar da ya sa, kuma na zage na yi aiki, don in manya sun yaba rigar ni suka yaba ko ba su sani ba. Aka zaunar da ni a layi na uku. Wani mai baƙar alkyabba ya tashi ya ba da tarihin wurin, abin da na riga na sani, sannan ya shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan bawana sai ya ce wannan bawan Allah tun yana ƙarami yake da ƙishin ilimi, shi ya miƙa kansa ga makaranta a lokacin da sauran yara ke gudu. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, amma ina tunanin ƙaurin dogari, Allah ya ji ƙansa, wanda ya mutu da shaidar wannan ƙishi a ƙafarsa.

Bayan an tashi ya kama hannuna ya kai ni zauren hotuna. Muka tsaya a gaban nasa, ɗalibai sun kewaye mu.

Na ce, "Bawa, wa ya ce ka juya wa mai hoto wanga kunne?"

Ya ce, "Shi ya kawo ni nan, ubangida. Ai ya kamata a gan shi."

"Nawa ya hi shi kyau."

"Ƙwarai. Naka sabo ne, ko hannu bai taɓa kai gare shi ba."

Ɗaliban suka yi dariya ba tare da sun san abin da suke wa dariya ba. Na hau mota na dawo Dogon Dutsi. Wani saurayi mai sayar da wayoyi kusa da shagona, mai ɗangalallen wando da son wa'azi, ya ji ni ina ba da labari, ya ce, "Baba, wannan hassada ce, kuma ba ta da kyau ga mai shekarunka." Na ce masa, "Ɗana, hassada son abin wani ce. Ni kayana nake kallo a bangon mutane."

To duk wannan da sauƙi. Hoto ne, ba ya ci ba ya sha. Abin da ya tayar mini da hankali ya zo ne daga cikin gidana.

Ina da jika mace, ɗiyar ɗana. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ubanta direban babbar mota ne, rabin shekara yana hanya, don haka ni da tsohuwata, wato uwargidana, muka raine ta. A shago ta girma. Ita ke zura mini zare a allura tun da idona ya fara yaudara ta. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Tsoho, ta ce sai na sayi haƙora kafin ta tare. Labarin kunne kuwa ta haddace shi, don ba a kammala tuwo a gidana ba a ji shi ba. Tun tana ƴar mitsitsiya take ƙage kafaɗa tana kwaikwayona don a yi dariya.

Yarinyar nan ta ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, kuma ta ci da kyau. Ta ce likita take son karanta, a jami'ar nan dai ta hayin kogi. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, ɗiya mace kuma sai da mai riƙo a birni. Ba mu da kowa a can sai mutum guda. Ubanta ya bugo waya daga hanya ya ce abin da Baba ya yanke shi ke nan. Magana ta dawo hannuna.

Na san gidan bawana. Ƙasa da tayil, ɗaki guda littattafai ne tun daga ƙasa har rufi, sanyi na fitowa daga bango. Na kuma san ƴaƴansa. Yara ne masu ladabi, in sun zo suna durƙusa mini, su gaishe ni da Faransanci, su zauna a bakin tabarma kamar masu jiran mota, su sha ruwan da suka zo da shi a gora. Na ga amaryata ta dawo hutu ta zauna a bakin tabarma haka, na ga tana gyara mini Faransancina a hankali don kada in ji kunya. Bawa ya ci kujerata a lakwal, ya ci gurbina a bango, yanzu kuma in ɗauki yarinyar da ke zura mini zare in kai masa har gida, ta riƙa ce masa Kaka.

Sai na ce ba ta kai zaman birni ba tukuna. Ta ƙara shekara guda a gida, ta yi hankali, jami'a ba guduwa za ta yi ba. Na kawo hujjoji masu nauyi: motocin birni, samarin birni, sauron bakin kogi. Tsohuwata tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kai dai hwaɗi gaskiya, ba sauro kake tsoro ba." Na ce mace ba ta san siyasa ba. Yarinyar ba ta yi musu ba. Ta ci gaba da zuwa shago, tana zura zare, sai dai ta daina tsokanata a kan haƙora, kuma shagon ya yi mini shiru fiye da yadda nake so.

Ana gab da rufe ɗaukar sababbin ɗalibai, wata safiya sai ga motar bawana ta tsaya a bakin shago. Ta'aziyya zai je Geceme, ya ce ya biyo ya gai da ubangidansa. Na ba shi benci, jikata ta kawo masa ruwa a kofin silba, ya shanye, wannan kam ban taɓa kama shi da laifi a kai ba.

Ya dube ta ya ce, "Amaryata, na share miki ɗaki tun watan jiya. Mi ya tsaishe ki?"

Na ce, "Amaryar wa? Bawa ba ya neman aure a gidan ubangida nai. Kuma yarinya ba ta kai ba."

"Ba ta kai ba?"

"Ba ta kai ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "To ai mu muna da ma'auni a gidanmu, ko ka manta? Ɗiyata, ɗora hannu mu gani."

Wasa ya nufa, na sani, irin wanda muka saba. Na buɗe baki in rama, sai na ga yarinyar ta ajiye kofi. Ta tsaya a tsakiyar shago, tsakanin keke da tarin yadi, ta ɗaga hannun dama ta bi da shi ta kan ɗankwalinta. Sai ta ƙage kafaɗa. Ta tura kai sama kamar zakara zai yi cara. Yatsunta suka tsaya sama da kunne, daidai wurin da kaka ta dangwala mini a bayan rumbu. Sau ɗari na ga ta yi wannan ana dariya. Ran nan ba ta yi dariya ba. Ni take kallo.

Ta ce, "Tsoho, in ka ce ban kai ba, ban kai ba."

Ana ta buga guduma a rumfar maƙera, wani yana cinikin albasa a waje. Ni kuwa ɗanɗanon zuma nake ji a bakina, bayan duk shekarun nan. Kakata ba muguwa ba ce. Ba ta son ɗakinta ya yi shiru ne kawai.

Na tashi daga kan keke, gwiwoyina suna ƙara. Na kama gwiwar hannunta kamar yadda mushe ya kama tawa, na tura. Ita ba ta sandare ba. Hannun ya tafi da sauƙi, yatsunta suka rufe kunnen har suka wuce ɗan kunnenta.

Bawana ya daɗe yana goge tabarau da bakin rigar da na ɗinka masa. Can ya ce a hankali, "Ta kai."

Na ce, "Ba kai aka tambaya ba."

Kafin ya tashi na gindaya masa sharuɗɗa, a gaban shaidu, wato mai wayoyi da wani da ya kawo ɗinkin wando. Na farko, ba za ta ce masa Kaka ba, ta ce masa Farfesa kamar kowa. Na biyu, duk abin da za ta sa a jikinta daga shagona zai fito. Na uku, ranar da za a rataya hotonta a zauren nan, a sauko da nasa layi na biyu. Ya ce bango yana da faɗi, zai ɗauke su su biyu. Na ce ba maganar faɗi nake yi ba. Ya ce ya ji, ya ɗauka, ubangida ya fi ƙarfin musu.

Na riƙa kwana ina ɗinki har ranar tafiyarta. Na haɗa mata da farar rigar likita, ko da yake an ce sai nan gaba za ta buƙace ta. Da na auna hannunta na ga ya fi nawa, balle na bawa. Ban gaya masa ba, na bar shi sai ranar da ya ɓata mini rai.

Yanzu tana can. Zare kuwa mai wayoyi ke zura mini, yana yi yana mini wa'azi, na ɗauka kaffara ce. Takan kira ni ranar Juma'a bayan an sauko. Ta ce duk sanda ta ratsa zauren hotuna sai ta gai da kunnen. Ta ce ɗakin littattafan nan ya ba ta mabuɗinsa, abin da bai taɓa ba ƴaƴansa ba, na ce ai dole, bashi yake biya. Da ta zo hutun farko na sa ido in ga inda za ta zauna. Ta wuce tabarmar gaba ɗaya ta haye kan kekena, ta ce har yanzu ban sayi haƙoran ba.

Amma Juma'ar da ta wuce, za mu yi sallama a waya, sai ta ce, "Af, Tsoho, Kaka ya ce in gaishe ka."

Na ce, "Wane kaka?"

Sai na ji dariyarsa a bayanta, yana tari yana dariya, har da buga tebur.

Na kashe wayar. Salla tana tafe, ya riga ya aiko da shaddarsa, tana nan a ninke a kan tarin yadi. Awon hannunsa kuma a kaina yake, da almakashi a kusa.